Mara Lafiyar da Ba Ya Motsi Yana Iya Jin Abin da Ake Faɗa a Kansa

A ɗakin da muke kwantar da waɗanda suka bugu a ka sakamakon haɗarin mota ko babur, na sha ganin 'yan uwa sun kewaye gado suna lissafin kuɗin magani, wani lokaci har ana tattauna wanda zai riƙe 'ya'yan mara lafiyar, alhali shi yana kwance a gabansu ido buɗe, ba ya motsi kuma ba ya amsa kira. Suna ɗauka babu abin da ke shiga kunnensa, amma binciken da aka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wannan zato yana iya zama kuskure.

Sassan ƙwaƙwalwa suna aiki ne rukuni-rukuni, kuma duk sashen da ya shiga aiki yakan jawo ƙarin jini mai ɗauke da iskar oksijin. A 1990 masanin nan ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki har da ƙwaƙwalwa, tana iya ganin wannan sauyi na jini. A 1995 kuma Bharat Biswal ya gano a Amurka cewa ko mutum yana kwance ba ya yin komai, wasu sassa masu nisa da juna suna tashi da sauka a tare, kamar makaɗan da ke bin kiɗa ɗaya. Wannan haɗin kan yakan sauya idan mutum ya yi barci mai nauyi ko aka yi masa allurar barci domin tiyata, kuma yana raguwa sosai a dogon suma.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin da Adrian Owen da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 daga Kambirij ta Ingila. Wata mace mai shekara 23, wadda ta yi wata biyar ba ta nuna alamar sanin kowa ba bayan haɗarin mota, aka sa ta cikin na'urar, aka ce ta raya a ranta tana wasan tanis. Sashen da ke tsara motsin jiki ya tashi. Da aka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta, sai sashen gane wuri ya karɓa, daidai da yadda aka gani a masu lafiya. Ashe ta ji umarnin, ta fahimta, ta kuma bi shi, jikinta ne kawai ya kasa nunawa. Wani bincike na 2024 ya duba marasa lafiya 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka samu 60 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu tana amsawa, wato kusan ɗaya cikin huɗu.

Ya kamata a gane cewa na'urar ba ta karanta sirrin zuciya, kuma wannan sakamako bai zama alkawarin warkewa ba. Gwajin ma ba a cika samun sa a asibitocinmu ba, shi ya sa nake roƙon masu jinya su ɗauki kowane mara lafiya a matsayin mai ji.

Idan kun shigo, ku yi masa sallama, ku kira sunansa, ku faɗa masa ko su wane ne suka zo. Kafin a juya shi, wanda ake so a yi duk bayan kamar awa biyu saboda gudun gyambon kwanciya, a gaya masa cewa za a juya shi. Maganar kuɗi da ta yanke ƙauna a fita da ita waje. Addu'a da karatu a yi masa su kusa da kunne cikin murya mai taushi, amma kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu ta baki sai da izinin ma'aikatan jinya, domin wanda ba ya iya haɗiya yana iya shaƙewa, ruwan ya gangara huhu. Duk wani ƙiftawar ido, matsa hannu ko bin mutum da kallo da kuka lura da shi, ku riƙe lokacin da ya faru, ku sanar da likita idan ya zo zagaye.