Raunin laka ba ya raba mutum da sana'arsa

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya ji rauni a laka ya yi sallama da aiki ke nan, sai zaman gida da jiran taimako. Ba haka abin yake ba.

Laka ce hanyar da saƙo ke bi tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Idan ta lalace, sassan da ke ƙasa da wurin raunin ne suke taɓuwa. Wanda ya ji rauni a tsakiyar baya, hannuwansa na nan daram. Wanda ya ji a wuya hannuwan ma kan raunana, amma yana iya sarrafa kwamfuta da murya. Ilimi da ƙwarewa kuwa ba inda suka je.

To me ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin ɗari na manyan da ke da wannan rauni ba su da aiki? Galibi a wurin aikin gizo ke saƙar. Matakala uku a bakin ƙofa sun isa su hana akanta shiga ofis. Ga banɗaki mai ƙunci da keken guragu ba ya shiga, alhali da yawansu sai sun fitar da fitsari da roba duk bayan 'yan awoyi. Ga buƙatar sauya zama a kai a kai don kada gyambo ya fito. Gyara waɗannan, a ganina, bai kai wahalar da masu ɗaukar aiki suke zato ba.

Sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya tanadi irin wannan gyara. Maganar komawa aiki kuma tun mutum yana asibiti ya kamata a fara ta, a tuntuɓi wurin aikinsa kafin a ba wani gurbinsa.