Na'urar auna sanyi ta gida da tsawon ran batirinta

Na'urar auna zafi da sanyi ta gida ƙaramar aba ce mai aiki da batir. Takan auna yanayin ɗaki ko na cikin firji, ta aika da sakamakon zuwa wayar hannu ta hanyar Bluetooth, WiFi ko Zigbee, wani tsarin aika saƙo ba waya da ke bi ta wani akwatin karɓar saƙo kafin ya isa wayar. Tsarin Zigbee ya fito wajen 2004, Bluetooth mai ƙarancin cin wuta kuma a 2010.

Batir a cikin sanyi

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori da batirin CR2032 suke zuwa, mai siffar sulalla: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3, yana ɗaukar kimanin mAh 220 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Idan sanyi ya tsananta, aikin sinadarin da ke cikinsa yakan yi nawa, sai ƙarfinsa ya faɗi daidai lokacin da na'urar ke aika saƙo, wanda a nan ne ta fi jan wuta. Sai ta mutu alhali batirin bai ƙare ba. In aka fito da shi ya sha ɗumi, yakan farfaɗo.

A Kebbi da Zamfara

Hunturun Birnin Kebbi ko Gusau bai kai ya yi wa batir wannan illa ba. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, ya fi rage masa kwana. Inda matsalar take shi ne cikin firiza, wadda ake so ta tsaya kan digiri 18 ƙasa da sifili, kamar ta masu ƙanƙara da masu ajiye kifi a Yauri da Argungu. Firjin allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake riƙe shi, don haka abin da sauƙi a can. Ɗauke wuta ma na da hannu: in akwatin da ke karɓar saƙon ya mutu, wasu na'urorin sukan yi ta nemansa har batir ya zube.

Gyare-gyare

Gyaran da ya fi yawa shi ne a cire batirin sulallan, a haɗa gidan batir mai cin batirin AA biyu (dogon batir irin na tocila) da dalma, aikin da kowane mai gyaran rediyo zai iya, muddin bai juya kan wayoyin ba. AA na litiyam ya fi dacewa, don akwai wanda ke aiki har digiri 40 ƙasa da sifili, sai dai sababbi biyu kan kai kusan bolt 3.6, iyakar abin da na'urori da yawa ke jurewa.

Wanda ya fi wannan inganci shi ne a bar na'urar da batirinta a waje, a zura tsinken awo mai waya, irin DS18B20, ta gefen robar murfi. Haka kuma gumin da kan taru a jikin na'ura in an fito da ita daga sanyi ba zai sa ta tsatsa ba.

Wasu kan sauya manhajar ciki domin rage yawan aika saƙo. Ra'ayi ya bambanta kan amfanin ƙara kafasita, ƙaramin abin da ke tara wuta domin tallafa wa batir lokacin aika saƙo.

Batirin litiyam mai caji ba a yi masa caji ƙasa da sifili, don yana lalacewa.