Kiɗan Bayan Fage a Wasannin Almara na Intanet

Kiɗan bayan fage a wasannin almara na intanet shi ne kiɗan da ke tashi da kansa yayin da ɗan wasa yake yawo, ko ciniki, ko gwabza yaƙi a cikin wata duniyar ƙirƙira wadda dubban mutane ke shiga a lokaci guda. A irin waɗannan wasanni, waɗanda aka fi sani da taƙaitaccen sunan MMORPG, kowa yakan zaɓi jarumin da zai zama, mayaƙi ko matsafi ko maharbi ko mai warkar da raunuka, ya yi ta renon sa wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. World of Warcraft da Final Fantasy XIV da RuneScape da The Lord of the Rings Online suna cikin fitattunsu.

Wannan daɗewa ce ta raba kiɗansu da na fim. Mai tsara kiɗan fim ya san daƙiƙar da za a zare takobi da wadda hawaye zai zuba, kuma ya san cikin awa biyu an tashi. Takwaransa na wasan intanet ba shi da wannan gata. Wani ɗan wasa zai ratsa daji cikin minti biyu, wani kuma zai yini a gindin bishiya ɗaya yana saran itace. Kiɗa ɗaya ne zai yi wa dukansu hidima, kuma kusan duk dabarun da aka ƙirƙiro a fannin daga wannan matsala suka samo tushe.

Asali

Kakannin waɗannan wasanni bebaye ne. MUD, wanda Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, rubutu ne zalla, ba hoto ba sauti. Al'adar ba kowane wuri kiɗansa ta fi kafuwa ne a wasannin mutum ɗaya na Japan. A Dragon Quest na 1986, Koichi Sugiyama ya tsara kiɗa takwas: na buɗewa, na fada, na gari, na fili, na kogo, na yaƙi, na karon ƙarshe, da na rufewa. Rabon ya zama abin koyi, har yau kuma ana ganin sawunsa a manyan wasanni.

Lokacin da Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest kuma a 1999, yawancin mutane ta layin tarho suke shiga intanet, kwamfutoci kuma ba su da wadataccen wurin ajiya. Shi ya sa aka dogara da tsarin MIDI. Fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sautin kansa, umarni ne kawai: kaɗa wannan murya, da wannan kayan kiɗa, na tsawon kaza. Kwamfutar ɗan wasa ce ke fitar da amon. Amfaninsa shi ne ƙanƙanta, aibinsa kuwa kiɗan da ya yi daɗi a wata kwamfuta yana iya zama kamar kukan gwangwani a wata. RuneScape, na kamfanin Jagex da ke Kambirij, ya fito a 2001 ba tare da kiɗa ba. Sai da aka sabunta shi a 2004 ya samu, shi ma da MIDI, domin a lokacin a cikin manhajar lilo ake buga shi.

A Koriya ta Kudu, Ragnarok Online na 2002 ya bi wata hanya daban: ƙungiyar SoundTeMP ta yi masa kiɗa mai sauƙi, mai jita da fiyano da kiɗan lantarki, wanda ya fi kusa da na rediyo fiye da na fagen fama. A shekarar ce kuma Final Fantasy XI ya fito da kiɗan Naoshi Mizuta da Kumi Tanioka da Nobuo Uematsu. Sai World of Warcraft na kamfanin Blizzard a Nuwamban 2004, da kiɗan Jason Hayes da Tracy Bush da Derek Duke da Glenn Stafford. Wasan ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, don haka salonsa na kakaki da goge da taron mawaƙa ya zama abin da jama'a da yawa ke ɗauka shi ne amon duniyar almara.

Ayyukan da kiɗan ke yi

Aikinsa na farko shi ne shaida wuri. Duniyar wasan tana da faɗi, an yanka ta yanki-yanki, kuma da zarar jarumi ya tsallaka iyaka sai kiɗa ya sauya. Kamar yadda mutumin gari ke jin take daga nesa ya san wane basarake ne ke tafe tun bai ga rawaninsa ba, haka tsohon ɗan wasa ke gane ya iso birnin Stormwind na World of Warcraft ko Prontera na Ragnarok Online ko da idonsa a rufe. Wasu wasanni suna ƙara raba kiɗan gari biyu, na rana da na dare. Biranen Final Fantasy XIV haka suke: take ɗaya ne, amma da dare sai a sassauta shi, galibi a bar wa fiyano.

RuneScape ya mayar da wannan alaƙa ta wuri da kiɗa wani ɓangare na wasan kansa. Kowane kiɗa a kulle yake har sai ɗan wasa ya taka wurin da ake kaɗa shi. Daga nan sunansa ya koma kore a jerin, kuma yana iya kunna shi duk inda yake. Jerin kiɗan mutum ya zama shaidar inda ƙafarsa ta taɓa kaiwa. A Old School RuneScape, wato tsohuwar sigar wasan da aka farfaɗo da ita, har alkyabba ta musamman ake ba wanda ya buɗe su.

Aiki na biyu gargaɗi ne. Idan kiɗan yawo ya yanke, ganguna suka ɗauka, ɗan wasa ya san wani abu ya hango shi, ko da daga bayansa yake. A manyan karo, inda mutum takwas ko ashirin ko fiye suke haɗuwa kan dodo guda, kiɗa yakan bi matakan faɗan. Karon Titan a Final Fantasy XIV misali ne sananne: kiɗansa kashi biyar ne, kowanne da matakinsa, yana farawa da sanyi ya ƙare da jita mai ƙara da murya mai kaushi. Da yake hare-haren irin waɗannan dodanni a kan tsararren lokaci suke zuwa, ƙwararrun 'yan wasa sukan haddace inda kiɗa yake kaiwa kafin wani hari ya sauka, sai waƙar ta zame musu agogo.

Na uku shi ne riƙe labari. Labarin wasan intanet yakan ɗauki shekaru ana ƙara masa babi, kuma ba kowa ke tuna abin da ya faru shekara shida baya ba. Kiɗa yana tunawa. Idan aka ba wani sarki ko wata masifa take, dawo da shi cikin sabon babi ya isa ya farfaɗo da tsohon lamari ba tare da an ce uffan ba. Sigar farko ta Final Fantasy XIV, wadda ta fito a 2010 ba ta karɓu ba, an rufe ta a Nuwamban 2012 da labarin faɗowar wani jan wata a kan duniyar wasan, kuma waƙar "Answers" ta Uematsu, da muryar Susan Calloway, ita ta raka wannan rufewa. Bayan an sake gina wasan a 2013 ƙarƙashin Naoki Yoshida, waƙar ta ci gaba da dawowa a manyan gaɓoɓin labarin har zuwa babin Endwalker na 2021.

Matsalar maimaici

Duk daɗin kiɗa, idan aka ji shi sau ɗari biyar sai ya gundura. Babbar jarrabawar fannin ke nan, kuma ba a warware ta da hanya ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce shiru, kuma ita Blizzard ya zaɓa. A World of Warcraft kiɗan yanki yakan tashi na 'yan mintoci, ya ɗauke, a bar ɗan wasa da kukan tsuntsaye da iska da takun dokinsa, can kuma wani guntu ya shigo. Wanda yake son kiɗa ba yankewa sai ya je saituna ya kunna maimaici da hannunsa. Final Fantasy XI ya ma fi haka tsauri, domin akwai yankuna da yawa da ba su da kiɗan yawo ko kaɗan. Hikimar ita ce kunnen da ya huta ya fi jin daɗin abin da ya biyo baya. Wasannin Koriya na wancan zamani, irin su Ragnarok Online da MapleStory na 2003, akasin haka suka yi: kiɗa mai saurin kama kunne yana ta zagayawa ba hutu. Abin mamaki, irin wannan ne tsofaffin 'yan wasa suka fi iya rerawa da ka bayan shekara ashirin. Maimaicin da ke gundurarwa shi ne kuma ke dasa kiɗa a zuciya, kuma mai tsarawa ba shi da tabbacin wanne daga ciki zai samu.

Hanya ta biyu ita ce yawa. A 2017 kundin bajinta na Guinness ya ba Final Fantasy XIV shaidar wasan da ya fi kowanne yawan kiɗa na kansa, guda 384. A cikin shekarar RuneScape ya karɓe kambun da 1,198.

Hanya ta uku ta na'ura ce, wato kiɗa mai sauyawa bisa abin da ke faruwa. Tushenta ya girmi wasannin intanet. Michael Land da Peter McConnell na LucasArts sun ƙirƙiro tsarin iMUSE, wanda aka fara amfani da shi a Monkey Island 2 a 1991. Dabaru biyu suka fi yaɗuwa. A ta farko ana yanka kiɗa gunduwa-gunduwa, na'ura tana zaɓar wadda za ta biyo baya, kuma tana jira a kai gaɓar da ta dace kafin ta sauya don kada a ji tsinkewa. A ta biyu ana naɗar kayan kiɗa hawa-hawa: goge da sarewa suna tafiya kullum, idan haɗari ya matso a ɗora ganguna, idan ya tsananta a ƙara kakaki, idan ya wuce a janye su. Manhajoji irin su FMOD da Wwise su ne kayan aikin da kamfanoni da yawa ke yin wannan da su a yau. Duk wannan lissafi a na'urar ɗan wasa ake yin sa, shi ya sa mutum biyu suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a cikin wasa kowa da abin da yake ji.

Duk da haka, 'yan wasa da yawa kashe kiɗan suke yi. Tun zamanin manhajojin hira da murya irin su TeamSpeak da Ventrilo, har zuwa Discord da ya fito a 2015, ƙungiyar da ta fita babban karo ta fi buƙatar jin muryar jagoranta fiye da taron mawaƙa. Wasu kuma nasu kiɗan suke sakawa.

Kiɗan da 'yan wasa ke yi

Wasu wasanni sun miƙa kayan kiɗa ga jama'a. Mabinogi na 2004 ya ba 'yan wasa damar rubuta kiɗa da haruffa, jarumansu su kaɗa. The Lord of the Rings Online, na 2007, ya yi suna a nan: ana kaɗawa kai tsaye da maɓallan kwamfuta, ko a loda kiɗan da aka rubuta da tsarin ABC, wato rubuta kiɗa da haruffa, kuma mutane da yawa suna iya daidaita kayansu su zama ƙungiya. Tun 2009 'yan wasa ke shirya bikin Weatherstock duk shekara a kan tsaunin Weathertop, ƙungiyoyi suna hawa fage ɗaya bayan ɗaya. Final Fantasy XIV ya kawo akwatin kiɗa na cikin gida a 2016, inda ake tara kiɗan wasan kamar kayan ado, sannan a 2017 ya ba jarumai masu sana'ar waƙa damar kaɗawa a bainar jama'a. A irin wannan hali kiɗan dandalin gari daga maƙwabci yake fitowa, ba daga kamfani ba.

Salo da sukar da ake yi

Mafi yawan kiɗan waɗannan wasanni daga al'adar okestirar Turai ya fito, tare da kwaikwayon amon tsakiyar zamanin Turai a mashaya da ƙauyuka. Jeremy Soule a Guild Wars na 2005 da Chance Thomas a The Lord of the Rings Online duk a wannan turba suke. Inda aikin ya fi rauni shi ne idan an zo yankin hamada ko kurmi. Sau da yawa busa ɗaya mai kama da ta Gabas ta Tsakiya, ko tarin ganguna marasa asali, su ake sa wa su wakilci nahiya sukutum, kuma duk wanda ya tashi cikin kiɗan waɗannan wurare yakan ji ƙaryar nan take. Genshin Impact na kamfanin miHoYo na Sin, wanda ya fito a 2020 kuma dangin waɗannan wasanni ne ko da yake mutum huɗu kawai ke haɗuwa a lokaci guda, ya fi kashe kuɗi a wannan ɓangare. Ƙungiyar London Philharmonic ta naɗi kiɗan yankinsa mai kama da Turai, Shanghai Symphony ta yi na mai kama da Sin tare da kayan gargajiya na can, Tokyo Philharmonic kuma ta yi na mai kama da Japan. Yankin Natlan na 2024 ya zo da waƙa cikin Swahili.

Masayoshi Soken, daraktan sauti na Final Fantasy XIV kuma babban mai tsara kiɗansa tun sake gina shi, ya ƙi tsayawa a salo ɗaya: yakan sa kiɗan rok, ko jaz, ko na lantarki a duniyar takubba da tsafi. A 2014 ya kafa ƙungiyar The Primals da ma'aikatan kamfanin, suna kaɗa waƙoƙin karon dodanni a gaban jama'a a tarukan masoya wasan a Japan da Amurka da Turai, ban da shagalin okestira mai suna Eorzean Symphony. A taron 2021 Soken ya bayyana cewa ya yi jinyar ciwon daji a 2020, kuma yana kwance a asibiti ya tsara waƙar "To the Edge", wadda ke rakiyar karon ƙarshe na wani babin da aka saki a watan Agustan shekarar.