Haƙori mai kaushi shi ke tara datti

Masu goge haƙori da gawayi ko toka, da iyayenmu masu haƙorin roba, da ku nake magana.

Ko an wanke baki tas, cikin 'yan mintoci yawu zai shimfiɗa wani siririn rufi a kan haƙori, a nan ƙwayoyin cuta ke samun makama. Amma ba kowane abu suke kamawa daidai ba. Ku ɗiga ruwa a kan ganyen kabeji a lambu, za ku ga ya dunƙule ya gangare. Ku ɗiga a kan wankakken gilashi, sai ya baje ya manne. Bambancin yana ga ƙarfin jan da ke fuskar kowane abu. Wanda ruwa ke bajewa a kansa jansa ya fi ƙarfi, kuma irinsa ya fi saurin tara dattin baki. Shi ya sa ƙarfe da roba da tangaran ɗin da likita ke sa wa mutum a baki ba su zama ɗaya ba.

Sai dai kaushi ya fi wannan ɓarna. A 1997 masana a Beljiyam sun nuna cewa da zarar kaushi ya haura kashi 1 cikin 5,000 na milimita, datti zai ƙara taruwa. Ido ba ya ganin wannan, amma ƙwayar cuta ta samu ɗaki. Gawayi da toka da yashi kuwa aikinsu ke nan, karcewa. Haƙorin zai yi fari yau, amma cikin karcen ƙwayoyin ke fakewa, su ci sukarin shayi da alewa, su fitar da tsamin da ke haƙa kogon da muke ɗora wa tsutsa.

Kwanaki wani dattijo ya zo ɗakin shan magani ranar kasuwa, ya kwance haƙorin robarsa daga hankici. Da soson ƙarfe yake wanke shi. Cikinsa duk ya yi zane-zane, ya yi rawaya, gandar bawan Allah ta yi jawur. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tsafta yake nema.

Baba, a cire shi da dare, a wanke da buroshi mai laushi da sabulu, a jiƙa a ruwa mai tsafta. Ban da tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa roba. Hajiya mai haƙorin Makka, a kula da bakinsa inda ya haɗu da dasashi. Aswaki kuma a tauna kansa ya yi laushi, a riƙa yanke tsohon.

In datti ya riga ya daskare ya zama dutse, kada a sa reza ko allura. A je babban asibiti, likitan haƙori ya kankare ya goge wurin ya koma sumul.