Wai Amurka ta halasta cin hanci? Abin da umarnin Trump ya taɓa da wanda bai taɓa ba

Tun ranar 10 ga Fabrairu 2025, da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da aiki da FCPA, dokar Amurka ta hana cin hanci a ƙasashen waje, wata magana take yawo a tsakanin masu hulɗa da kamfanonin ƙetare: wai Amurka ta soke dokar da ta hana ba jami'an wasu ƙasashe cin hanci, yanzu kowa ya yi yadda ya ga dama. Wasu har suna ƙarawa da cewa dama can dokar ta Amurkawa ce, wanda ba Ba'amurke ba babu ruwansa. Maganganun nan biyu babu ta ɗauka a cikinsu, kuma wanda ya kafa kasuwancinsa a kansu yana iya wayar gari da sammacin wata kotu a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Dokar tana nan daram. Majalisar dokokin Amurka ce ta yi ta, Shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu a Disamban 1977, bayan binciken da ya biyo bayan badaƙalar Watergate ya sa kamfanonin Amurka sama da 400 sun amsa cewa sun biya fiye da dala miliyan 300 ta bayan fage ga jami'ai da 'yan siyasa a ƙasashen waje. Na kamfanin jiragen sama na Lockheed ya fi tayar da ƙura, domin shi ya kai ga kama tsohon firaministan Japan, Kakuei Tanaka, a 1976. Dokar da majalisa ta ɗaura, majalisa ce kaɗai ke kwance ta. Ikon shugaban ƙasa a kan ma'aikatansa yake. Abin da ya yi shi ne ya umarci Antoni Janar da a tsayar da buɗe sabon bincike na kwana 180, a sake duba waɗanda ake ciki, a fito da sababbin ƙa'idoji. Ranar 9 ga Yuni 2025 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idojin, aiki ya ci gaba. An rufe wasu fayiloli, wannan gaskiya ne, amma ko harafi ɗaya ba a kankare daga dokar ba.

Masu murna ba su yi lissafin lokaci ba. Gwamnati tana da shekara biyar daga ranar da aka aikata laifin kafin damar gurfanarwa ta wuce, kuma kotu tana iya ƙara har shekara uku idan ana neman shaida daga wata ƙasa. Wa'adin wannan gwamnatin zai ƙare ranar 20 ga Janairu 2029. Wato cin hancin da aka miƙa a 2025 zai kasance a buɗe a kan teburin duk wanda ya gaji kujerar.

Mutum uku dokar ta hau: 'yan Amurka da kamfanoninta, sai duk kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwannin Amurka ko daga ina yake, sai kuma kowane baƙo da ya aikata wani ɓangare na laifin a cikin Amurka. Wannan na ukun, da aka ƙara a gyaran 1998, shi ne ramin da mutane ba sa gani. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun daɗe suna ɗaukar cewa kuɗin da aka tura da dala, idan ya ratsa ta wani banki a New York, ya isa hujjar cewa laifin ya taka ƙasarsu, kuma yawancin manyan kuɗaɗen da ake turawa da dala ta can suke bi, ko mai turawa ya sani ko bai sani ba. Kotuna ba su bar su sun miƙe ƙafa yadda suke so ba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta taƙaita ikonsu a shari'ar Lawrence Hoskins, ɗan Birtaniya da ya yi aiki da kamfanin Alstom na Faransa. Sai dai kamfanoni kaɗan ne ke yarda a je gaban alƙali. Akasari sulhu suke yi su biya, don tuhuma kawai ta isa ta sa bankuna da masu zuba jari su ja baya. Da haka Siemens na Jamus ya biya Amurka dala miliyan 800 a 2008, Alstom ya biya dala miliyan 772 a 2014, Ericsson na Suwidin ya biya sama da dala biliyan 1 a 2019. Babu kamfanin Amurka ko ɗaya a cikin ukun.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na kuɗin sauƙaƙa aiki. A nan ne ake kafa hujjar cewa ai ita kanta dokar ta yarda da ƙaramin cin hanci. Akwai togaciya a cikin dokar, ba a musa ba, amma ƙofarta ƙarama ce ƙwarai. Abin da ta ce shi ne, idan an ba ƙaramin ma'aikaci wani abu don ya hanzarta aikin da dole ne ya yi, wanda kuma haƙƙin mai nema ne, kamar buga hatimi a takardar izinin shiga ƙasa, ko haɗa layin wuta da ruwa, ko sauke kaya kafin su lalace, to dokar Amurka ba za ta kama mai bayarwa ba. Sharaɗin shi ne ma'aikacin ba shi da zaɓi a kan sakamakon, lokaci kawai yake ja. Da zarar kuɗin ya shiga don a canza hukunci, a ba ka kwangila, a rage maka haraji, a kau da kai daga kayan da ba su cika ƙa'ida ba, ya fita daga togaciyar, ko da dala goma ce. Girman kuɗin ba shi ne ma'auni ba. Abin da aka saya da shi ake dubawa.

Ko a inda togaciyar ta yi aiki, ba ta wanke mutum daga komai ba. Kamfanin da ke kasuwar hannun jarin Amurka dole ne ya rubuta kuɗin a littafinsa da sunansa na gaskiya. Idan ya ɓoye shi a ƙarƙashin kuɗin sufuri ko na masu ba da shawara, ya faɗa wani laifin dabam wanda hukuncinsa ya fi tsanani. Sannan wannan kuɗin haramun ne a dokar kusan kowace ƙasa da ake bayar da shi. Dokar hana cin hanci ta Birtaniya ta 2010, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2011, ba ta san da wannan togaciyar ba sam. Abin da Washington ta yi shiru a kai, Landan tana iya ɗaure mutum shekara goma a kansa. Shi ya sa manyan kamfanoni da yawa suka hana shi gaba ɗaya a dokokinsu na cikin gida.

Wani kuskuren kuma shi ne tunanin cewa idan ɗan tsakiya ne ya miƙa kuɗin, hannun mai kamfani a wanke yake. Yawancin manyan shari'o'in FCPA ta wannan hanyar suka biyo: wakili, dillali, mai ba da shawara, abokin haɗin gwiwa. Dokar ta ɗauki mutum a matsayin wanda ya sani idan ya ga alamu ƙarara ya rufe ido da gangan. Wakili ya nemi la'adar da ta wuce hankali, ko ya ce a biya shi a wani asusu a ƙasar da ba a yi aikin ba, ko ya zamana jami'in da zai yanke hukunci ne ya kawo sunansa, duk wannan ya isa a ce ka sani. Ba sai kuɗi a ambulan ba kuma. Dokar cewa ta yi duk wani abu mai daraja. A 2016 bankin JPMorgan ya biya kusan dala miliyan 264 saboda ɗaukar 'ya'ya da dangin manyan jami'an Sin aiki don neman ciniki. Jami'in gwamnati ma ba minista kaɗai ake nufi ba: ma'aikacin kamfanin mai ko na sadarwa mallakar gwamnati yana ciki. A kan cin hancin da aka ba ma'aikatan kamfanin tarho na ƙasar Haiti ne aka yanke wa Joel Esquenazi ɗaurin shekara 15 a 2011.

Hukuncin da ke rubuce shi ne tarar da ta kai dala miliyan 2 ga kamfani a kan kowane laifin cin hanci, mutum kuma ɗaurin da ya kai shekara biyar. Idan laifin na murɗe littattafan kuɗi ne da gangan, tarar kamfani tana kaiwa dala miliyan 25, mutum kuma dala miliyan 5 da ɗaurin shekara 20. Mai karatu zai tambaya, to ina biliyoyin suke fitowa? Daga wurare uku. Kowane biya laifi ne mai zaman kansa, kotu tana iya ninka ribar da aka ci sau biyu ta zama tara, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kuma tana ƙwace ribar kanta. Tarar da aka ci ma'aikaci, dokar ta hana kamfaninsa ya biya masa. Tun Disamban 2023 kuma akwai wata doka, FEPA, da ta kama mai karɓa: jami'in wata ƙasa da ya nemi cin hanci daga kamfanin Amurka yana iya shan ɗaurin shekara 15.

Ko da Amurka ta naɗe hannu gaba ɗaya, ba ita kaɗai ce a fagen ba. Yarjejeniyar 1997 ta OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, ta wajabta wa ƙasashe sama da arba'in yin irin wannan doka. Faransa ta yi tata, Sapin II, a 2016. Birtaniya tana hukunta kamfani a kan gazawar hana cin hanci kawai, ko da shugabanninsa ba su sani ba, muddin yana wani ɓangare na kasuwancinsa a ƙasar, sai dai idan ya nuna yana da tsarin kariya da ya isa. A shari'ar kamfanin ƙera jiragen sama na Turai, Airbus, ta 2020, da aka biya kusan yuro biliyan 3.6, kason Faransa da Birtaniya ya fi na Amurka nesa. A Maris 2025, wata guda da 'yan kwanaki bayan umarnin Trump, masu gabatar da ƙara na Birtaniya da Faransa da Suwizalan suka sanar da kafa rundunar haɗin gwiwa a kan cin hancin ƙasa da ƙasa. Ga kuma Bankin Duniya, wanda tun 2010 ya ƙulla yarjejeniya da manyan bankunan raya ƙasashe huɗu cewa kamfanin da ɗaya ya haramta wa kwangila na fiye da shekara guda, sauran ma za su rufe masa ƙofa.

Abin da ya fi damuna yana cikin ƙa'idojin Yuni. Sun umarci masu bincike su ba da fifiko ga shari'o'in da suka shafi ƙungiyoyin fataucin miyagun ƙwayoyi, da tsaron Amurka, da cin hancin da ya hana wani kamfanin Amurka samun ciniki. Duk wanda ya karanta wannan na ƙarshe da idon basira zai ga inda aka dosa. Kamfanin wata ƙasa da ya kayar da na Amurka a neman kwangilar tashar ruwa ko ma'adinai ya fi shiga haɗari yau fiye da jiya. Waɗanda suka fi murna da jita-jitar su ne ya kamata su fi shiga taitayinsu.

Manufar dokar mai kyau ce, ban da shakka a kai. Cin hancin da ake ba minista don kwangilar asibiti, marasa lafiya ne ke biyansa. Amma doka ɗaya da ake zare ta ko a mayar da ita kube gwargwadon wanda ke Fadar White House da kuma fasfon wanda ake zargi, da wuya a kira ta adalci cikakke. Faransawa sun daɗe suna wannan ƙorafi, tun da aka kama jami'in Alstom, Frédéric Pierucci, a filin jirgin saman New York a 2013, shekara ɗaya kafin kamfanin General Electric na Amurka ya ƙulla cinikin sayen sashen makamashin kamfanin. Hukumomin Amurka sun musanta cewa akwai alaƙa, Alstom kuma ya amsa laifinsa a kotu. Duk da haka zargin ya zauna a zukatan mutane, sababbin ƙa'idojin kuwa ƙara masa ƙarfi suka yi.

Akwai kuma batun inda tarar ke zuwa. A 2022 kamfanin Glencore mai cinikin ma'adinai da mai ya amsa laifin ba da cin hanci a ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka, tare da murɗe farashin mai, ya amince zai biya hukumomin Amurka sama da dala biliyan 1. A irin waɗannan shari'o'i mafi yawan kuɗin baitulmalin ƙasar da ta gurfanar yake shiga. Ƙasashen da aka saye jami'ansu, idan suna son diyya, sai sun bi sawu da kansu, kamar yadda Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi a Disamban 2022, ta samu dala miliyan 180 daga kamfanin.