Waiwaye: Yadda "Das Boot" ya ba da labarin yaƙin teku daga ɓangaren Jamusawa

Shekaru da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, galibin finafinan yaƙin teku da suka zaga duniya na Amurkawa ne da Turawan Ingila, kuma Bajamushe a cikinsu abin farauta ne kawai. A 1981 darakta Wolfgang Petersen ya fito da fim ɗin "Das Boot", ya cusa mai kallo cikin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-96, ya rufe ƙofa.

Tushen labarin littafi ne da Lothar-Günther Buchheim ya wallafa a 1973. Buchheim ɗan rahoton yaƙi ne na rundunar ruwan Jamus, kuma a ƙarshen 1941 ya bi U-96 sintiri a Tekun Atlantika ƙarƙashin kyaftin Heinrich Lehmann-Willenbrock. Da farko an so a yi fim ɗin da daraktoci da taurarin Amurka, har an ambaci Robert Redford da Paul Newman, amma maganar ta bi ruwa. Daga baya kamfanin Bavaria da ke Munich ya yi shi da Jamusawa, a kan kuɗi kusan mark miliyan 32, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne a Jamus ta Yamma.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin matsi. An gina cikin jirgin daidai girmansa na gaske, mutum kusan 50 a wurin da biyu ba sa wucewa sai sun goga kafaɗa. Mai ɗaukar hoton fim ɗin, Jost Vacano, ya riƙa gudu da kyamara a hannu yana kutsawa ta ƙananan ƙofofi. An hana 'yan wasan shan rana domin fatarsu ta koɗe, gemu kuwa aka bar shi ya tsiro. Ga burodi ya yi funfuna ana yanke gefensa ana ci, ga ayaba da nama rataye a kan bututu, ga kowa ya yi tsit yana sauraron ƙarar na'urar jirgin Ingila da ke lalubensu daga sama. A mashigin Jibralta jirgin ya nitse har mita 280, ƙusoshi na fizgewa kamar harsashi.

A waje an yi masa tafi. Ya samu shiga takarar Oscar a fannoni 6, ko da yake bai ci ko ɗaya ba. A gida ne aka yi ta cece-kuce. Wasu masu sharhi sun ce fim ɗin ya wanke sojojin Hitler, ya mai da su bayin Allah da ƙaddara ta rutsa da su, tunda riƙaƙƙen ɗan Nazi ɗaya tak aka nuna a jirgin, shi ma abin dariya ne ga sauran. Buchheim kansa bai ji daɗi ba, ya soki yadda ake ta ihu da firgita fiye da abin da ya gani da idonsa.

A ganina zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Akwai inda suka harbi tankar mai, suka taso suka tarar da matuƙanta suna faɗawa ruwa da wuta a jikinsu, suna iyo suna neman ceto, kyaftin ya ce a ja da baya. Wanda yake son wanke mutanensa ba zai bar wannan ba. Fim ɗin kuma ya buɗe da cewa cikin mutum 40,000 da suka yi aiki a irin waɗannan jiragen, 30,000 ba su dawo ba.

Ra'ayin Jamusawa ya sassauto bayan an nuna doguwar sigarsa a talabijin a 1985, sannan Petersen ya sake tace shi a 1997 zuwa kusan awa uku da rabi. A ƙarshen fim ɗin, bayan U-96 ya koma tashar La Rochelle da ke Faransa, jiragen sama sun yi wa tashar ruwan bama-bamai, kyaftin ya faɗi yana kallon jirginsa na nitsewa. A zahiri sai a Maris 1945 aka nitsar da U-96 a tashar Wilhelmshaven da ke Jamus, Lehmann-Willenbrock kuma ya rayu har 1986, ya ma tuƙa "Otto Hahn", jirgin dakon kaya na Jamus mai amfani da makamashin nukiliya.