Waiwaye: Yadda gasar ƙirƙirarriyar basira ta taso har ta doshi jami'o'in arewacin Kamaru

Da ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba, 2022, fargaba ce ta fara kama malaman jami'a a ko'ina: kada ɗalibi ya sa na'ura ta rubuta masa aikin gida, ya miƙo a sa masa maki. Ba a daɗe ba hukumomin jami'o'i suka sauya salo. Tunda abin ya ƙi hanuwa, sai aka ce a sa gasa, ɗalibai su haɗu rukuni-rukuni su gina wani abu da wannan basira mai ƙaga rubutu da hoto da murya, wanda ya yi fice ya ɗauki kyauta. Yau duk ɗalibin da ke da waya a Dang ko Kongola, mazaunin jami'o'in Ngaundere da Marwa, yana cin karo da tallar irin waɗannan gasa a zaurukan WhatsApp. Kafin mu ma mu rungumi abin hannu bibbiyu, ya kamata a san inda al'adar ta samo asali, da abin da ya sa wasu gasannin suka haifi ɗa mai ido, wasu kuwa suka ƙare a hoton miƙa kyauta.

A 2004 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta sa gasar motocin da ke tuƙa kansu a cikin hamada. Hanyar ta haura kilomita 200, amma motar da ta fi ƙoƙari ko kilomita 12 ba ta cika ba. Ba wanda ya ci. Aka sake sawa a 2005, motoci biyar suka kai ƙarshe, ta Jami'ar Stanford ta kwashe dala miliyan 2. Kamfanin Netflix ma ya biya dala miliyan 1 a 2009 ga waɗanda suka inganta masa hasashen fim ɗin da mai kallo zai so, daga baya ya fito ya ce bai yi aiki da tsarin da ya ci ɗin gaba ɗayansa ba, domin wahalar girka shi ta fi amfaninsa.

Wadda ta juya duniya ita ce ta ImageNet, kuma a nan ya dace a ɗan tsaya. Farfesa Fei-Fei Li da abokan aikinta sun shafe shekaru suna tara miliyoyin hotuna, mutane suna bi ɗaya bayan ɗaya suna rubuta abin da ke ciki: wannan kare, wannan jirgin ruwa. Aiki ne mai gundura wanda ba a yi masa tafi. A kan wannan taska aka buɗe gasa a 2010, aka riƙa maimaita ta kowace shekara har 2017 da ma'auni guda da kowa ya sani. A 2012 ɗalibai biyu na Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, tare da malaminsu Geoffrey Hinton, suka shigo da tsarin da kuskurensa ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, alhali na biye da su yana da 26.2. Da katunan kwamfuta biyu irin na 'yan wasan bidiyo suka horar da shi. Shi Sutskever ɗin yana cikin waɗanda suka kafa OpenAI a 2015, kamfanin da ya haifi ChatGPT. Ana yawan ba da labarin kamar hazaƙar yara biyu ce kawai. Hazaƙa kam akwai, amma da ba a riga an tara hotunan ba, ba su da abin da za su gwada ta a kai.

Afirka ta shigo layi daga baya. Taron masana ƙirƙirarriyar basira na Deep Learning Indaba ya fara a Johannesburg a 2017, dandalin gasa na Zindi ya buɗe a 2018, a 2020 kuma ya fara UmojaHack domin ɗaliban jami'o'in nahiyar. Ƙungiyar Masakhane ta masu aiki a kan harsunan Afirka ta tashi a 2019. Mu Hausawa abin da ya fi shafar mu shi ne AfriSenti ta 2023, gasar koya wa na'ura gane ko magana yabo ce ko suka, wadda Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano yake cikin jagororinta. Hanyar ImageNet suka bi: aka tattaro saƙonnin Twitter, masu harshen suka zauna suka tantance su, aka sake su kyauta. Gasa ta wuce, bayanan suna nan ana ta amfani da su.

Sai dai wannan Hausar mutanen Najeriya ce masu rubutu a intanet. Tamu ta Garwa da Marwa da Ngaundere, wadda a jimla guda za ka ji Fillanci da Faransanci sun sa baki, ta fi rayuwa a kasuwa da saƙon murya fiye da a rubuce. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, amma Fillanci, harshen da ya fi kowane yawo a jihohin arewa uku, sai a 2024 ya shiga.

A Kamaru, labarin gasa ya girmi ChatGPT. Arthur Zang, wanda ya yi karatu a makarantar injiniyoyi ta Yawunde, ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a ƙauye ta aika wa likita a birni. Ta kawo masa kyautar Rolex a 2014, da ta injiniyoyin Afirka ta Ingila a 2016. A farkon 2017 Nji Collins na Bamenda, yana ɗan shekara 17, ya zama ɗan Afirka na farko cikin zakarun gasar Google Code-in, a daidai lokacin da aka katse intanet a jihohin masu Ingilishi har kwana 93. Ita ma gwamnati ta yi nata. A jawabinsa ga matasa a Fabrairun 2016 Shugaba Paul Biya ya ambaci 'yan zamanin Android, a shekarar kuma aka yi alkawarin kwamfutoci 500,000 ga ɗalibai, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga bankin Exim na China. An fara rabo a ƙarshen 2017. Ɗalibai da yawa sun koka da ƙanƙantar ma'ajiyarsu, gigabait 32 kacal, amma a faɗi gaskiya, ga yaron da ya fito daga Mokolo ko Yagwa sau da yawa ita ce kwamfutarsa ta fari.

Duba sunayen garuruwan da zakarun suka fito: Yawunde da Bamenda. Arewa ba ta ciki, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ita kaɗai a duk arewa har shekara 15, kafin a kafa ta Marwa a 2008, ta Garwa kuwa sai 2022, shekarar da ChatGPT ya fito. Wutar yankin ta daɗe tana rataye a wuyan madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama tun 1982. In damina ta yi rowa, ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage zafin abin, ba su kashe shi ba.

To, a wannan hali yaya gasa take kasancewa? Yawanci kwana biyu ce ba barci. Ɗalibai huɗu sun kewaye kwamfuta ɗaya a ɗakin haya, waya ɗaya ce ke raba musu data, ɗayansu ya ruga shagon caji da batir a hannu. Da safe a tsaya gaban alƙalai minti biyar a nuna manhajar da ke ba manomi shawara, da Faransanci mai kyau. Kowa ya tafa. A ciki kuwa, tambayar kawai ake turawa ga na'urar wani kamfanin Amurka, ana biyan kuɗin kowace amsa da dala. Ranar da kuɗin gwaji suka ƙare, manhajar ta yi shiru. An yi ado da kayan aro. Kuma da alƙali ɗaya zai ce, "Malam, kira mana mai albasar nan na bakin hanya ya tambaye ta da bakinsa," nan take za a ga iyakarta.

Ban ce kada a yi ba. Ɗalibin da ya kwana biyu yana fafutuka da abokansa ya koyi abin da zangon karatu guda na kwafar allo ba zai ba shi ba. Abin da nake ja a kai shi ne abin da ake ba wa maki. Jami'o'inmu ba za su yi gogayya da OpenAI wajen gina manyan na'urori ba, kuɗin wutar kaɗai ya fi ƙarfinsu. Amma suna zaune a kan abin da kamfanonin ba su da shi. Ngaundere na da makarantar sarrafa kayan gona ta ENSAI da likitocin dabbobi, Marwa na da makarantar horar da malamai da ta injiniyoyi, Garwa ce hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton da dubban manoman audugarta. A sa sharaɗi cewa kowane rukuni sai ya kawo muryoyin mutane na gaske, makiyayi yana bayanin ciwon saniyarsa, mai masakwa yana faɗin lokacin dashe, an rubuta su daidai, malamin fannin ya duba amsar. A raba kyautar biyu, rabi ranar biki, rabi bayan wata shida idan abin yana aiki. A ajiye bayanan a jami'a, 'yan baɗi su ɗora daga inda na bana suka tsaya.

Nan kuma wata sabuwar magana ta taso. Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta na ƙirƙirarriyar basira a Yulin 2024 a Accra, a Disamban shekarar kuma Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane. Muryar makiyayi bayaninsa ce, sai da yardarsa za a ɗauka, kuma ya san inda za a kai ta. Masu ɗaukar nauyin gasa galibi kamfanoni ne, wasunsu kan sa a cikin ƙa'idojin shiga cewa suna da iko da abin da aka ƙirƙira. Wannan shafin ne ɗalibai ba sa karantawa kafin su danna amincewa, kuma shi ya kamata majalisar jami'a ta fara tattaunawa kafin a buga takardar gayyata.